Marainiya Mai Uba

Ranar da aka kashe Hadi a takarda, yana kwance ƙarƙashin bas ɗin kulob yana fama da kuloci, kuma da bakinsa ya taimaka aka yi kisan.

Hadi bakanike ne a garejin Apo, mutumin Malumfashi, shekararsa goma sha tara a Abuja amma ko ƙwayar halin gida bai zubar ba. Bas ɗin kuwa ta ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Damisa ce, wadda take da wata gidauniya mai kula da yaran unguwa. Gidauniyar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar makanikai. Su makanikai suka share fegin da ke bayan gareji, suka yi wa tsofaffin bututun salansa walda suka tsayar da raga biyu, suka kuma ɗauki gyaran bas ɗin kulob kyauta. Shi kulob ya kawo koci, da malamai biyu, da littattafai, da wata nas mai duba yara, da shinkafa da wake duk ranar Asabar. Doka ɗaya ce a wurin, an rubuta ta da jan fenti a jikin rumfa: ba karatu, ba ƙwallo. Yaro ya zauna awa guda gaban allo, sannan a ba shi riga ya shiga fili.

Mai ɗaukar sunayen yara wata ce Justina, mace mai kirki da zafin nama, wadda ta koyi Hausarta a kasuwa. Ran nan ta zo gareji da fom a hannu, tana janye da wata yarinya 'yar shekara goma, siririya, mai dogayen hannuwa. Ta durƙusa gefen bas ta leƙa.

"Oga Hadi, yarinyan nan ya ce a gidanka yake zama. Naka ne?"

Hadi ya dubi ƙafafun yarinyar daga inda yake kwance, ya mai da ido kan kulocinsa. Ya ce, "Ta Inna ce."

"To Inna yana ina? Ina so ya yi mini signing."

"Ta rasu. Shekara uku ke nan."

"Eyya! Sorry o. Babanta fa?"

Nan Hadi ya yi gyaran murya, ya laluba sifana wadda take hannunsa tun ɗazu, ya ce, "Allah dai Ya raya ta." Bai ƙara ba.

Justina ta juya ga yarinyar. "Mashkura, wannan wanene naka?"

"Yaya Hadi ne."

Shi ke nan. Justina ta share ƙwalla da bayan hannu, ta ja layi a fom, ta rubuta abin da ta rubuta, ta ba shi ya sa hannu da yatsu masu baƙin mai a gurbin mai riƙo.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe na asali ya riga ya gane inda gizo ya yi saƙa. Mashkura 'yar Hadi ce ta cikinsa, 'yar fari. Mutumin kirki kuwa a garinsu ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya buɗe baki ya ce nawa ne. Kunya ce, kuma da ita ake gane ɗan mutunci. Ana yaye ta mahaifiyarsa, Inna, ta ɗauke ta. Can Malumfashi ta tashi tana jin ƙannensa na kiransa Yaya Hadi, ita ma ta bi sahu, ba wanda ya gyara mata don ba kuskure ba ne. Sai da tsohuwar ta rasu aka kawo ta ɗakinsu na Durumi. Duk wannan Justina ba ta sani ba, kuma ba laifinta. Ta tambayi uba, namiji ya sunkuyar da kai ya yi addu'a. Shiru ma magana ce, sai dai kowa da yaren da yake jin ta.

Shekara biyu suka wuce. Mashkura ta zama gola, irin wadda ba ta jiran ƙwallo ta zo, ita take fita ta tare ta a ƙafar mai ita. A rumfar karatu kuma ba wanda yake shan gabanta. Hadi bai taɓa tsayawa bakin fili ba. Sai dai abin mamaki, duk Asabar da la'asar motar da yake gyara takan buƙaci gwaji, kuma ba ta da hanyar gwaji sai wadda ta bi ta bayan raga. Son da yake yi wa yarinyar nan har tsoro yake ba shi, ya kuwa dunƙule shi ya haɗiye kamar yadda ubansa ya yi da shi.

Gidauniyar tana da kujera guda ɗaya tak kowace shekara a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan Jiwa. Shekara shida cur, da ci da sha da littafi da takalmi. Aka yi jarrabawa a rumfa, Mashkura ta zo ta ɗaya. Da wasiƙar ta iso, Hadi ya jujjuya ta. Turancinsa na sunan kayan mota ne, don haka ya tsinci sunanta da sunan makarantar ya bar sauran. Ya ce, "To, madalla," kamar an ce masa farashin fulogi ya sauka. Sannan ya zagaya bayan wata mota ya yi sujada a kan kwali.

Ana saura kwana huɗu bikin miƙa takarda, direban kulob ya kawo wani dogon ƙyalle ya ce a ɗaura a bakin fili. Hadi ya kama gefe ɗaya, Zacharias mai gyaran wutar mota, shugaban ƙungiyarsu, ya kama ɗaya gefen, suka warware. Ga hoton Mashkura nan ta tashi sama da safar hannu, ƙwallo a ƙirjinta. A ƙasa an rubuta da Turanci, an kuma fassara da manyan baƙaƙe don kowa ya gani: DAMISA GATAN MARAYU.

Zacharias ya karanta, ya dubi Hadi, ya sake karantawa. Sai ya saki gefensa ya riƙe ciki.

"Oga Hadi! Yaushe ka mutu ba ka faɗa mana ba? Ko sadakan bakwai ba mu ci ba!"

Hadi bai yi dariya ba. Ya ji kamar an watsa masa ruwan batir a fuska. Ko hannu bai wanke ba ya tari mai babur sai ofishin gidauniya.

Justina ta saurare shi baki buɗe. Sai da ya yi ta kewaye-kewaye, yana cewa "yarinyar nan" da "ita waccan", kafin ta gane. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Jesus! Oga Hadi, kai ne babanta? Me ya sa ba ka faɗa ba? Na tambaye ka fa, da bakina!"

"Ai ba a faɗa."

"Ba a faɗa kamar yaya? Pikin ɗinka ne!"

Ta ja shi har gaban shugaban kwamiti, Alhaji Abdulmajeed, babban darakta a wata ma'aikatar tarayya, wanda yake yi wa gidauniyar aiki don Allah. Shi kam kafin Hadi ya kai rabin zance ya gano bakin zaren, don shi ma ɗan fari ne. Ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge. Da dariyar ta lafa sai ya tashi ya tura ƙofa.

"Malam Hadi, zauna. Ka ga, kujerar nan waƙafi ce. Wata baiwar Allah ce ta bar ta kafin ta rasu, kuma condition ɗinta ɗaya ne: maraya. Ni ba ni da ikon canza ko wasali. Kai ba ka yi ƙarya ba, Justina ba ta yi ƙarya ba, rashin fahimta ne. Yarinya ta ci jarrabawa da guminta. Shawarata, a bar kaza cikin gashinta."

"Ranka ya daɗe, wato sai na mutu yarinyar za ta yi karatu?"

"Subhanallahi, ban ce haka ba."

"Ƙyallen ya ce."

"Ƙyalle ne fa, Malam Hadi. Ranar Lahadi za a naɗe shi a jefa a sito."

Hadi ya dubi tafin hannunsa, ya ce, "In an cire ta, wa za a ba?"

Justina ta duba takarda, muryarta ta yi ƙasa. "Wanda ya zo second. Nabilah Yamusa."

Da ma ba ta faɗa ba. Yamusa mai faci ne, rumfarsa tana jikin ta Hadi shekara goma sha ɗaya, kwano ɗaya suke sa hannu da rana. Bara waccan taya ta fashe masa a ƙirji. Hadi ne ya zuba masa ruwa wajen wanka, shi ya kama makara ta gaban dama, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya san Nabilah tun tana goye, ya kuma san uwarta yanzu wanki take yi a gidajen ma'aikata.

Alhaji Abdulmajeed ya ga yadda fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Je ka yi tunani. Kada zuciya ta sa ka rufe wa 'yarka ƙofar da ba za ka iya buɗe mata ba. Think about it."

Da la'asar ya isa Durumi. Matarsa Lantana tana ƙofar gida gaban kasko tana suyar awara. Ya tsuguna kusa da ita ya zayyana mata komai. Ba ta daina juya awara ba har ya gama.

Ta ce, "To sai me? Mutuwar takarda ta hana ka cin tuwo jiya?"

"Lantana, haƙƙin maraya ne."

"Maraya! Mu kuma 'ya'yanmu da haƙori na zinariya aka haife su? Ka je ka ga makarantar da ke bayan layin nan, yara ɗari a aji, rabi a ƙasa. Nan kake so ta ƙare? Ni na ga yarinyar nan tana karatu da fitilar waya har ido ya yi mata ja. Ba sata ta yi ba, tsuntsu ne ya faɗo daga sama gasasshe."

"Tsuntsun 'yar Yamusa ne."

"Allah Ya jiƙan Yamusa. Amma ka faɗi gaskiya, Malam, ba Yamusa ke cin ka ba. An rubuta ka mutu, Zacharias ya yi maka dariya, shi ne ya tsaya maka a wuya."

Maganar ta soke shi, don akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Sai ga Mashkura ta fito daga soro da bokiti. Da gani ta ji komai. Ta ajiye bokitin ta tsaya nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Yaya, ni na sani."

"Kin san me?"

"Tun bara. Anti Justina ta rungume ni ta ce in yi haƙuri da rashin iyaye, Allah Yana tare da ni. Sai na gane abin da ta rubuta."

"Kika yi shiru?"

Ta ɗago ido ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kai ma shiru ka yi."

Lantana ta daka mata tsawa, yarinyar ta ɗauki bokitinta ta wuce famfo. Hadi ya zauna daɓas a kan dakali. Shekara goma sha biyu yana ɗauka yarinyar nan ta san abin da ke ƙarƙashin kunyarsa, kamar yadda shi ya sani game da nasa uban. Amma shi a Malumfashi ya tashi, inda kowane ɗan fari haka ake yi masa. Ita kuwa a Abuja take, inda iyaye ke tsayawa bakin fili suna ƙwala kiran sunan 'ya'yansu har murya ta dushe. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai ga wanda zai ɗora wa laifi ba.

Kwana uku yana saƙawa yana kwancewa. Ya ɗaura tayar motar wani mutum ya manta bai ƙara ɗaure notoci ba, sai da Zacharias ya bi motar da gudu. Shi Zacharias ɗin ya riga ya zagaya rumfa-rumfa ya ja wa makanikai kunne: ranar Asabar kowa ya kama bakinsa, Oga Hadi ya mutu sai bayan biki. Duk suka yarda, don duk suna son yarinyar. Har zuwa safiyar Asabar Hadi bai yanke komai ba. Gaskiyar magana, ya fi karkata ga yin shiru.

Bikin ya yi kyau, ba ƙarya. Aka kafa rumfuna, aka jera fararen kujeru, 'yan wasan Damisa suka zo cikin rigunansu masu ɗigo-ɗigo yara na ta shafa su. Ga manyan baƙi, ga iyalan marigayiyar da ta bar waƙafin, ga masu kyamara. Aka buga wasan yara na minti ashirin, Mashkura ta ture fanareti, fili ya ɗauki sowa. Hadi yana can baya cikin kayan aiki, jingine da wata mota. Kusa da shi kaɗan matar Yamusa ce tsaye cikin koɗaɗɗen hijabi, tana tafa hannu da gaske, Nabilah na gefenta. Ta hango shi ta ce, "Malam Hadi, barka, barka! Allah Ya sa albarka." Ba ta san komai game da sharaɗin kujerar ba. Ta ɗauka ƙyallen yana nufin yara irin tata da ake ba shinkafa.

Sai mai gabatarwa, wani Ɗanjuma mai bakin zuma, ya kira Mashkura tsakiyar fili. Ya yi ta zuba: marainiyar Allah, ba uwa ba uba, ga ta yau ta zama zakara. Wasu mata a rumfar baƙi suka fara share hawaye. Da ya ga abin ya karɓu sai ya ƙara gishiri.

"Jama'a, kafin a miƙa takarda, mu ɗaga hannu mu yi wa mahaifin wannan yarinya Fatiha. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya huta!"

Fili ya amsa, "Amin!"

Hannuwa suka tashi. Makanikai suka rasa yadda za su yi, wasu suka ɗaga rabi suna satar kallonsa, Zacharias ya cusa hula a baki. Matar Yamusa ta juyo ta dube shi, hannunta a sama, fuskarta cike da tambaya. Can tsakiyar fili kuma Mashkura ta tsaya da safar gola a hannu. Ita ma ta ɗaga, a hankali, tana yi wa ubanta addu'ar matattu.

Wannan ne Hadi ya kasa haɗiyewa. Ƙarya a takarda daban, amma a tara Musulmi a sa su karanta Fatiha a kan ƙarya, a sa yarinya ta shafa, a gaban 'yar mutumin da ya saka a kabari da hannunsa? Ya ture jikinsa daga motar ya nufi fili. Zacharias ya cafko rigarsa, ya fizge. Ya ratsa tsakiyar ciyawa da takalmin roba da baƙin mai har gwiwar hannu, wani ɗan sanda ya taso, Justina ta tare shi ta ce a bar shi. Ya miƙa wa Ɗanjuma hannu, shi kuwa don ruɗewa ya ba shi makirfo.

"Salamu alaikum. Ku sauke hannuwanku, kada ku ɓata Fatiharku. Mamacin ne ke magana."

Alhaji Abdulmajeed ya rufe ido.

"Sunana Hadi, bakanike ne ni, rumfata ga ta can. Bas ɗin da ta kawo 'yan wasan nan ni na sa mata kuloci. Ban mutu ba, ko zazzaɓi ba na yi. Matata ma tana nan, ga ta can da jan mayafi. Malama Justina ba ta da laifi. Ta tambaye ni, kunya irin tamu ta hana ni amsawa."

Ya tsaya. Abin da ya rage shi ne mai wuyar. Ya tuna da Inna, ya san da tana raye da ta rufe fuska da zane. Ya ce a ransa, ki yafe mini.

"Wannan yarinya 'yata ce. Ni na haife ta. Sunanta Mashkura." Lasifika ta kwashi sunan ta watsa har cikin gareji. "Mashkura Hadi. Ita ta zo ta ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya goge wannan. Amma kujerar nan an ce ta maraya ce, mu kuwa ba ma cin abin maraya a gidanmu. Marainiya ga ta can baya, 'yar Yamusa mai faci. Ni na binne ubanta."

Ya juya ga rumfar manya, muryarsa ta ƙara tashi.

"Ranku ya daɗe, mun gode da karatu, mun gode da shinkafa, Allah Ya saka. Amma yara sittin ne a rumfar can, kuma yawancinsu ubanninsu na nan da rai suna kwance ƙarƙashin motocinku. Ku duba mana. In sai uba ya mutu ƙofa take buɗewa, to ku faɗa mana tun yanzu mu san abin da ake jira."

Ya mayar wa Ɗanjuma makirfonsa. Ba wanda ya tafa, sai wani tsoho cikin iyalan marigayiyar da ya ce "Allahu Akbar" shi kaɗai. Hadi bai dubi Mashkura ba, don ba zai iya ba. Ya ji dai ƙarar safar hannu ta faɗi a ciyawa, ya ji gudun ƙafafunta.

Alhaji Abdulmajeed ya tare shi a bayan rumfa, fuska a murtuke.

"Ka kyauta ke nan? Ka kunyata kulob a gaban donors, a gaban kyamara! Ba ka iya zuwa ofis?"

"Na je ofis, ranka ya daɗe. Kaza aka ce in bari cikin gashinta."

"Ka san ka kashe mata dama?"

"Na sani."

"Kuma ba ka da-na-sani?"

"Ina yin na shekara biyu da suka wuce. Na yau kam babu."

Kwamiti ya zauna ranar Talata, aka ba Nabilah kujerar. Batun ƙara wata kujera ta yaran da iyayensu ke raye, aka ce za a duba a baɗi in an samu mai ɗaukar nauyi. Kowa ya san ma'anar za a duba a garin nan. Lantana ta yi sati tana ajiye masa abinci ba ko sannu. Mashkura kuwa ba ta fasa zuwa rumfar karatu ba, ba ta fasa tsaron raga ba, amma in ya shigo ta wannan ƙofa sai ta fita ta waccan. A gareji suna ya bi shi, kowa Marigayi yake kiransa, har masu kawo gyara. Yana amsawa.

Ranar Litinin ɗin da za a kai Nabilah makaranta, bas ɗin kulob ta tsaya bakin gareji da hantsi. Hadi yana ƙarƙashin motar wani ma'aikacin banki, mutumin na tsaye yana duba agogo. Daga nan ƙasa ya hango matar Yamusa tana kuka tana godiya ga duk wanda ta gani, ga Nabilah cikin sabon yunifom da ya yi mata yawa. Bayansu kuma wata ce ɗauke da akwatin ƙarfe a ka. Mashkura ce. Ita ta ɗauko shi tun daga Durumi, ita ta tura shi ƙarƙashin kujera, ta gyara wa Nabilah wuyan riga. Ta tsaya har bas ta sha kwana, ba ta ɗaga hannu ba.

Sannan ta juyo, ta tako har inda yake. Ya ga ƙafafunta sun tsaya daidai kansa.

"Baba."

Sifana ta kuɓuce masa ta bugi haƙarƙarinsa. Ya turo kansa waje, ya tashi zaune a kan kwali. Idonta a bushe yake ƙamas, ba alamar sulhu a ciki.

"Ka ce kai ka haife ni, kowa ya ji. Ka hana ni waccan, ban ce ba ka da gaskiya ba. To yanzu sai ka nemo mini wata. Ni ba zan zauna a ƙasa cikin mutum ɗari ba."

Hadi ya dube ta. Bai san makaranta ko ɗaya ba a garin nan, bai san ƙofar da ake bugawa ba, bai san da wane Turanci zai yi magana in an buɗe ba.

Ya ce, "Na ji."

Ya miƙe ya zuba fetur a tafin hannu ya murje, ya bi da omo, ya cire rigar aiki ya rataye a ƙusa. Mai motar ya zaro ido.

"Oga, wetin be this? Ina za ka? Motana yana kan jak fa!"

"Ba inda za ta, yallaɓai, ba ta da taya."

"Ina da meeting ƙarfe sha ɗaya!"

"Ni ma haka."

Ya sa hularsa ya fita titi. Mashkura ba ta bi bayansa ba yadda ta saba. Ta jera da shi kafaɗa da kafaɗa, kuma ita ta ɗaga hannu ta tsayar da mai keke.